Yadda Ake Zaɓar Abin Wanke Bul ɗin Petank Ba Tare da An Kashe Ƙarfen Ba

Ƙarshen daminar da ta wuce, ɗan yayata ya shigo mini gida a nan Yalwa ta Garwa da jakar bul a hannu, wato ƙwallayen ƙarfen da ake jefawa a wasan petank, ko zama bai yi ba ya zazzage su a kan tabarma. Guda uku ne, irin na shiga gasa, waɗanda ya yi wata da watanni yana tara kuɗin acaɓa kafin ya saye su a hannun wani da ya zo da su daga Duwala. Tun farkon Yuli ruwa ya kwanta a filinsu, sai ya cusa su a leda da danshinsu ya jefa bayan ƙofa. Ga su nan sun yi jajir, tsatsa ta cike zanen jikinsu har lambar nauyi ba ta karantuwa.

Ya ce, "Kawu, wani makanike ya ce in kai masa ya jiƙa su a ruwan batir, kafin magariba sun fito fes."

Na ce, "Kada ka kuskura. Zauna. Ɗauko mini roba da tsohon burushin haƙori, ka shiga ciki ka karɓo man keken ɗinki."

Yini biyu muka yi a kansu, suka dawo, har yau da su yake wasa. Da ya bi ta makaniken nan, lallai da sun fito da haske a ranar, amma da fatarsu ta yi ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana, kuma kowane rami gidan sabuwar tsatsa ne. Abin yana yi mini ciwo, domin a nan bul mai kyau ba kayan da ake shiga kasuwa a canza ba ne. Daga nesa take zuwa, da tsada, kuma hannu yakan ɗauki watanni kafin ya saba da ita. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda nake yi, daki-daki.

Da farko, ka san irin ƙarfen da ke hannunka

Kafin ka tambayi wane sabulu ko wane mai, tambayi kanka: da me aka ƙera bul ɗina? Amsar wannan ita ke yanke komai.

Wasan petank, inda ake jefa bul don ta tsaya kusa da wata ƙaramar ƙwallo da ake kira koshone, an fara shi a 1907 a garin La Siyota, kusa da Marsey a kudancin Faransa, kuma a lokacin bul ta katako ce da aka lulluɓe da ƙusoshi. Sai a shekarun 1920 aka soma yin ta ƙarfe zalla. Ta yanzu ba cikakkiya ba ce, cikinta fanko ne: ana buga ƙarfe ya zama kamar ƙoƙo biyu, a haɗa su da walda, a daidaita a injin, a yanka zane, sannan a gasa a wuta a tsoma don a ba ta taurin da ake so. Wannan taurin shi ne ran bul. Mai laushi tana wajen 110 a ma'aunin da kamfanoni ke rubutawa, mai tauri tana kaiwa wajen 140. Masu tire, wato masu jifa don su ture bul ɗin abokin hamayya, sun fi son mai laushi don ba ta tsalle idan ta daki ta abokin hamayya, masu puwante kuma, wato masu ƙoƙarin ajiye bul kusa da koshone, sun fi son mai tauri don ta daɗe.

Iri huɗu ne ke yawo a filayenmu. Akwai ta ƙarfen karbon, wadda ta fi yawa a hannun masu tire. Tana zuwa baƙa ko mai ruwan toka, tana kama hannu da kyau, amma ita ce mai tsatsa. Akwai inoks, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai sheƙi da santsi, wadda ba ta cika damuwa da ruwa ba. Akwai ta tagulla, mai ruwan ɗorawa, ba ta da yawa, galibi a hannun dattawa ake ganinta. Sai kuma ta wasan yara da shaƙatawa, wadda ake sayarwa shida ko takwas a jaka ɗaya: fatarta siririya ce, an shafe ta da kurom, wasu ma an cika cikinsu da yashi don su yi nauyi.

Bul ɗin shiga gasa tana da sheda a jikinta: sunan kamfani, kamar Obut ko MS ko La Boule Bleue, da nauyinta a giram, da lambar da ke haɗa 'yan ukun. Dokar hukumar petank ta duniya ta ce faɗinta ya kasance tsakanin milimita 70.5 da 80, nauyinta tsakanin giram 650 da 800, kuma dole sunan kamfani da lambar nauyi su riƙa karantuwa. Ka riƙe wannan maganar ta ƙarshe, domin duk abin wankin da ke cin ƙarfe yana cin rubutun nan, kuma alƙalin wasa yana da ikon ƙin bul da rubutunta ya shafe.

In ba ka tabbata ko karbon ce ko inoks ba, kada ka dogara da maganaɗisu. Mutane da yawa sun ɗauka inoks ba ta kama maganaɗisu, don sun gwada da cokali ko tukunya. Inoks ɗin bul dabam ne, irin wanda ake iya yi wa tauri da wuta, kuma yana kamawa sarai. Ai shi ya sa dattawa ke ɗaga kowace iri da wani maganaɗisu mai igiya ba sai sun sunkuya ba. Tagulla ce kaɗai ba ta kamawa. Gwajin da ya fi tabbas shi ne na ruwa: goge wuri ɗaya inda bul ta fi shan duka, ka ɗiga ruwa, ka rufe da kofi, ka bar ta ta kwana. In da safe ka ga tabo ja-ja ko rawaya, karbon ce.

Sannan ka duba wane irin datti ne

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Riƙe ta a rana ka juya. Ƙura ce kawai ta hunturu da ta shiga zane? Laka ce ta bushe? Maiƙo ne da gumi suka haɗu da ƙasa suka yi baƙin danƙo? Ko tsatsa ce? In tsatsa ce, goga da babban yatsa. Wadda ta bi yatsa ta fita kamar hoda ta sama ce, ba ta da wahala. Wadda ta yi ɓawo, kana jin kaushinta a farce, ta fara shiga jiki.

Gumi shi ne abin da 'yan wasanmu suka fi rainawa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa da Njamena ke haura digiri 40, tafin hannu ba ya bushewa, kuma gumi gishiri ne. Na sha ganin bul ta yi tsatsa a tsakiyar rani, ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya, da shatin yatsun mai ita a jiki.

Zaɓen abin wanki: fara da mafi sauƙi

Ƙa'idata ita ce, ba na taɓa abu mai ƙarfi sai mai sauƙi ya kasa. Ga ƙura da laka da gumi, ruwa mai ɗumi da sabulu sun isa, ko na wanke-wanke mai ruwa, ko na sanda da ake wanki da shi. Omo ma yana yi, sai dai a ɗauraye sosai. Ga baƙin danƙo da ya ƙi sabulu, ɗan kananzir a tsumma yana narkar da shi nan take, kuma ba ya cin ƙarfe. A yi shi a waje, nesa da murhu da mai shan taba. Ga tsatsar sama, mai da soso kawai. Ga wadda ta yi ɓawo, farin binegar, da sharuɗɗan da zan faɗa a gaba. Ga tagulla, jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemun tsami, kamar yadda iyayenmu mata ke wanke tasoshin tagulla, a goga, a ɗauraye nan da nan.

In kuwa ka shiga shagon kayan gini ko kanti kana son sayen na kwalba, juya bayanta ka karanta, ko ka sa wanda ya iya Faransanci ya karanta maka. In ka ga an rubuta acide chlorhydrique, ko détartrant irin na wanke masai da tayil, mayar da ita inda ka ɗauko. Shi da ruwan batir duk tafiyarsu ɗaya: suna cin tsatsa, suna cin lafiyayyen ƙarfen da ke ƙarƙashinta, kuma asid mai ƙarfi na iya sa ƙarfen da aka yi wa tauri ya yi gautsi. Bul kuwa aikinta ke nan duka da shan duka.

In ka ga chlore ko Javel, wato jabel, ruwan da ake sa wa fararen kaya su yi fari, shi ma a'a. Nan ne masu inoks ke faɗawa, don suna ganin ƙarfensu ba ya jin komai. Jabel yana huda siririyar fatar da ke kare inoks, ya bar ɗigo-ɗigon ramuka da ba sa gyaruwa. Kuma don Allah kada a taɓa haɗa jabel da binegar ko da wani abu mai tsami a roba ɗaya. Iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona huhu.

Soude caustique, sodar da ake yin sabulu da ita, ba ta cika cin ƙarfe ba, amma tana cin fata da ido, kuma ba abin da za ta yi maka da sabulu bai yi ba. Wanda aka rubuta silicone a jikinsa, irin na fesa wa gaban mota ya yi ƙyalli, zai bar maka bul mai sulɓi da za ka yi kwanaki kana fama da ita. Maganin tsatsa irin wanda masu fenti ke shafa wa ƙofar ƙarfe kafin fenti yana mai da tsatsa baƙin ɓawo, ya toshe zane da rubutu. Na ƙofa ne, a bar wa ƙofa.

Akwai wani abu da ya fara shigowa hannun samari masu tafiye-tafiye da saye ta intanet, ya kamata in tsaya a kansa. Wani abokin wasanmu ya dawo daga tafiya da kwalbar feshi mai hoton ƙwallo, ya ce ai ta wanke bul ce. Da na duba, ta wasan bolin ce, wanda ake mirgina ƙatuwar ƙwallo a kan dogon daɓe a kayar da sanduna goma. Ƙwallon bolin ba ƙarfe ba ce. Tana kai kilo 7 da ɗoriya, fatarta kuma roba ce: poliyesta, ko yuretan, ko wani irin danƙo mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Daɓen da ake mirgina ta ana shafe shi da mai, ita kuma tana shan man nan har ta daina kama daɓe ta daina lanƙwasa. Don haka duk aikin ruwan wanke ta shi ne tsotse mai daga jikinta. Su ma can suna da dokokinsu: hukumar bolin ta Amurka, USBC, ta hana amfani da asiton, wani ruwa mai narkar da fenti, don yana canza fatar ƙwallo, kuma tun 1 ga Agusta 2019 ta ce in an fara gasa busasshen tawul kaɗai za a goge ƙwallo da shi. To ka ga, abin da mai bolin ke gudu, wato mai, shi ne abin da bul ɗin karbon ke buƙata don ta rayu. Feshin nan zai cire maiƙon hannu daga inoks, ba laifi, amma sabulu ma yana yin haka. A kan karbon kuwa zai tuɓe ta tsirara ya bar ta ga danshi.

Wankin kansa

Tanadi roba biyu, burushin haƙori, soso mai laushi, tsumma biyu na auduga busassu, da mai. Tsohuwar atamfa ko tsohuwar singileti ta fi tsumman leda, don tana shan ruwa.

Fara da busasshen burushi, ka kakkaɓe ƙasar da ke cikin zane da rubutu. In ka tsallake wannan ka zuba ruwa, laka za ka kwaɓa. Sai ka sa ruwa mai ɗumi da sabulu a roba ta farko. Inoks tana iya zama a ciki minti goma. Karbon kada ta zauna: tsoma, cuɗa, fitar. Bi kowane zane da burushi har ya zagayo, sannan ka bi haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ɗauraye a roba ta biyu da ruwa mai tsabta. In rijiyar unguwarku mai zartsi ce, nemi ruwan famfo don ɗaurayar ƙarshe.

Goge da tsumma na farko nan take, ka tura bakin tsumman cikin zane da farce. Sannan ka shanya su a rana kamar rubu'in awa, kana juyawa, a kan tabarma ko katako, ba a kan ƙasa mai laima ba. Zafin rana ba ya taɓa taurin bul, komai ƙunarsa. Wuta ita ce ke taɓawa. Kada ka ɗora bul a kan garwashi ko ka kai wa mai walda ya hura mata wuta don ta bushe, ko don ta yi laushi kamar yadda wasu ke yi a ɓoye. Doka ta hana sake gasa bul, wanda aka kama kuma hukuncinsa mai nauyi ne. Ban da doka ma, abu ne rufaffe mai iska a ciki, na arahan nan kuma har da yashi mai danshi. A 2018 wani mutum ya rasa ransa a kudancin Faransa da bul ta fashe a cikin wutar gashi.

In inoks ce, aikinka ya ƙare a nan. In karbon ce, saura mai.

In tsatsa ta riga ta kama

Ta sama ba ta buƙatar ruwa ma. Ɗiga mai, ka bar shi ya jiƙa ta kamar rabin awa, sannan ka murza da soson ƙarfe mai laushi sosai, irin mai kama da auduga wanda kafintoci ke goge katako da shi; a jikin ledarsa ana rubuta 000. In babu, koren ɓangaren soson wanke-wanke yana yi. Soson waya mai kauri na kankare tukunya yana barin zane, samfefa mai kaushi kuma tana cin rubutu. Wani lokaci ma wasa kaɗai yana wankewa: yamma biyu a fili mai tsakuwa, sai ka ga ja ya tafi. Wasu sukan cika bokiti da busasshen yashin Binuwai su riƙa juya bul a ciki, mutanen Marwa kuma ga yashin mayo, wato kogin da ke ƙafewa, a ƙofar gida duk rani. Yana aiki, in dai yashin ya bushe ƙarau.

Abu ɗaya a kiyaye: soson da ya taɓa karbon kada ya taɓa inoks. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, ɓurɓushin ya maƙale a jikin inoks ya yi tsatsa, mai ita ya ɗauka an sayar masa da jabu.

Ta ɗan yayata ta wuce wannan matakin, sai da muka shiga binegar. Ga yadda muka yi. Mun fara wanke su da sabulu don cire maiƙo, domin binegar ba ya ratsa mai. Muka sa su a robar da ta ɗan matse su, muka zuba farin binegar har ya rufe su ruf. Wannan yana da muhimmanci: in wani sashe ya leƙo waje, za a sami zobe a daidai bakin ruwan, kuma ba ya fita da sauƙi. Duk rabin awa muna fitar da ɗaya mu murza da burushi mu gani. Wajen awa biyu ɓawon ya fara saki, ruwan ya koma kamar shayi. Guda biyu suka fita a nan. Ta ukun, wadda ta kwanta a ƙasan ledar inda ruwa ya taru, sai da ta ƙara awa ɗaya.

Yaron ya ce, "Kawu, mu bar ta ta kwana mana, gobe mu huta da murza."

Na ce masa a'a. Binegar asid ne shi ma, mai sauƙi dai, kuma in tsatsa ta ƙare ba ya tsayawa, ƙarfe yake komawa ci. Ni ba na wuce awa uku. In ba ta fita ba, gara in fitar, in murza, in sake wani zagaye gobe.

Ka sani kuma, binegar zai tafi da baƙin launin da bul ta zo da shi daga kamfani, ta koma ruwan toka. Wannan ba ya rage mata komai a wasa. Baƙin nan ko ba binegar tsakuwa tana cinye shi cikin 'yan makonni.

Da ta fito, dole a kashe tsamin da ya rage a jikinta. Cokali ɗaya na bikarbonat, farar hodar sodar nan ta girki, a kofin ruwa ya isa. Mu ba mu da shi a ranar, sai muka jiƙa 'yar kanwa, irin wadda ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi, muka tace, muka tsoma su minti biyu. Kanwa tana kashe tsami, kowace mai girki ta san haka. Sai dai tana tafe da gishiri a cikinta, don haka muka ɗauraye sau biyu da ruwa mai kyau. Daga nan sai gaggawa. Ƙarfen da ya fito daga binegar ba shi da kariya ko kaɗan, kana tsaye kana kallo zai fara yin rawaya. Goge, rana, mai, ba tare da an tashi amsa waya ba.

Wasu suna jiƙawa a lemon kwalba baƙi. Yana ɗan yi, don akwai asid kaɗan a ciki, amma yana da jinkiri, sukari kuma yana barin danƙo da kiran tururuwa. Binegar ya fi shi araha da tsabta.

Wane mai?

A ganina nan ne ainihin zaɓen yake, fiye da sabulu. Ana son mai marar kauri, marar wari, wanda ba ya daskarewa. Man keken ɗinki ya cika duka ukun, kuma ba unguwar da babu tela. Shi nake amfani da shi shekara da shekaru. Man bazilin mai ruwa da ake samu a kantin magani shi ma daidai ne. Man feshin gwangwani da ake kira WD-40 yana da kyau wajen korar ruwa daga cikin zane da sassauta tsatsar sama, amma siriri ne, ba ya daɗewa. In za a yi ajiyar damina, a bi bayansa da man keke. Kamfanonin bul suna sayar da nasu man, in ka samu ba laifi, amma kada rashinsa ya hana ka.

Man girki, ko na gyaɗa ko na auduga ko manja, yana hana tsatsa na 'yan kwanaki, daga baya sai ya yi yami ya zama danƙo, ƙura ta manne, ka koma neman kananzir. In shi kaɗai ke gare ka yau, shafa, amma ka wanke shi cikin mako. Baƙin mai da aka juye daga inji kuwa, wanda samari ke roƙa a garejin babura, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Cike yake da dattin inji da ke cutar da fata, ga shi hannun nan da shi za ka ci goro, da shi za ka share gumi a fuska.

Ɗigo biyu ko uku sun ishi bul guda. Ɗiga a tsumma na biyu, ba a jikin bul ba, ka murza ko'ina har cikin zane. In ka ga tana naso, ya yi yawa. Tsumman nan kada ka wanke shi, ka ajiye shi a jaka, yana ƙara kyau da tsufa. A rani sau ɗaya a mako ya wadatar ga mai wasa kullum. A damina, ko duk ranar da bul ta taɓa laima, ranar za a shafa.

A fili

Kafin a fara, goge man da busasshen tsumma, ka mirgina bul ɗin a ƙura sau biyu ka sake gogewa. Bul mai maiƙo tana kuɓucewa kafin lokacinta, mai tire ya san abin da nake nufi. Ka riƙe tsumma a ɗaya hannun duk wasan. Doka ta ce ɗan wasa ya cire laka ko duk wani abu da ya manne wa bul kafin ya jefa, kuma ta hana jiƙa bul ko koshone. Masu tofa wa bul yawu ko su tsoma ta a ruwan buta don ta kama hannu, a wasan unguwa ana kawar da kai, amma a gasa gargaɗi ne, kuma ko ba alƙali ƙarfen ne ke biya.

An tashi wasa, ana kiran magariba, kowa na sauri. Minti ɗaya ne: goge gumin da ke jikinsu kafin su shiga jaka.

Ajiya, musamman daga Yuni zuwa Satumba

Leda ita ce ta kashe na ɗan yayata, don tana kulle danshi a ciki. Jakar fata ma da ake yabo tana shan laima ta riƙe, kuma jemammiyar fata in ta jiƙe tana sa ƙarfe tabo. Na fi son jakar yadi mai kauri. In za su daɗe ba wasa, shafa musu mai fiye da na kullum, naɗe kowace a nata ƙyallen, ka rataye jakar a ƙusa a cikin ɗaki. Kada ta zauna a kan daɓen siminti, kada ta kusanci randa, kada kuma ta kwana a akwatin babur. Duk mako biyu ka buɗe ka duba. In ka ga ɗigon ja, soso da mai na minti biyar sun gama da shi.

Koshone kuma galibi katako ne, ɗan ƙarami mai faɗin milimita 30, kuma ba ya son duk abin da na lissafa a sama. Ruwa yana kumbura shi ya tsage, mai yana sa shi baƙi har a kasa hango shi daga mita goma idan rana ta yi sanyi. Busasshen tsumma kawai, kuma a ba shi nasa aljihun, nesa da ƙyallen mai. In fentinsa ya koɗe, a sake shafa masa ja ko rawaya, siriri, a bar shi ya bushe kwana ɗaya kafin a kai shi fili.